Akwatin yara ya cika, ke kuma me za ki sa?

Kusan duk uwar da na sani in za a yi tafiya da ƙananan yara tsarinta ɗaya ne, ta fara da kayan jariri, ta koma kan na yayyensa, ta leƙa jakar maigida ko ya manta caja, sai can dare ya raba ido ya yi nauyi sannan ta buɗe wadrob ɗinta ta kwaso duk abun da hannunta ya fara taɓawa ta danna a ɗan gurbin da ya rage. Sai an sauka ta ga riguna uku ta zo da su masu kyau na gani na faɗa, amma ba ko ɗaya da za ta iya shayarwa a ciki, ga takalmi mai tsini da ba inda za ta taka da shi tana riƙe da yaro.

Ni nawa nake fara haɗawa, kuma ba son kai ba ne. Yaro in ya ɓata kaya minti biyu an canza masa, kayan nasa ba su fi tafin hannu ba, ki wanke a sink ki shanya kan kujera kafin gari ya waye sun bushe. Ke fa? In ya yi miki tumbuɗi a kafaɗa ko pampas ya yi yoyo a cinyarki kuma ba ki da canji a kusa, haka za ki wuni kina tsami kina fushi da kowa, har yaran su sha faɗan da ba laifinsu ba. Shi ya sa kayan uwa a tafiya nake musu kallon kayan aiki, kuma da rana nake zaɓarsu lokacin da kaina yake daidai.

Abun da nake fara dubawa kala. Fari sam baya shiga akwatina, baƙi wuluk ma mutane na ɗauka yana ɓoye datti amma madara da majina a kansa suka fi fitowa ɓaro-ɓaro. Yadi mai zane-zane ko furanni, mai ɗan duhu, shi ne yake rufa asiri. Sai in tsaya kan kala biyu ko uku da suke tafiya da juna yadda duk rigar da na jawo za ta hau kan duk siket ko wandon da na jawo, riga 4 da na ƙasa 3 kin ga shiga 12 kenan, ba tafiyar sati ɗaya da za ta cinye su. Yadin ma da magana. Auduga tana shan gumi ba ta damun fatar jariri in ya kwantar da fuska a ƙirjinki, matsalarta yamutsewa da jinkirin bushewa. Mai roba-roba irin foliyesta nan da nan ya bushe kuma ba ruwansa da guga, sai dai yana riƙe warin gumi, a gari mai zafi kafin la'asar kin gaji da kanki. Wanda aka haɗa biyun shi na fi so. Jins kuwa nauyi gare shi kuma in ya jiƙe sai ya kwana biyu, in dole sai kin je da shi to ki sa shi a jiki ranar tafiya kar ya ci miki kilo.

Sannan akwai gwajin da nake wa kowace riga a gaban madubi, in sa ta in durƙusa kamar zan ɗaura wa yaro igiyar takalmi, in ɗaga hannu kamar zan sauko da jaka, in ga ko zan iya buɗe gabanta da hannu ɗaya. Wadda zif ɗinta yake baya ta koma wadrob. Wadda take jan ƙasa ita ma haka, dan sauka daga matattakala da yaro a kafaɗa ba wasa ba ne. Aljihu kuwa wallahi duk rigar da take da shi ta riga ta ci rabin jarrabawa, nan waya take, nan tishu, nan ƙwallon da aka ce "Mama riƙe min" aka manta. Takalmi ƙafa biyu ya isa, flat wanda ƙafarki ta saba da shi da silifas na banɗaki, sabon takalmi kar ki soma, na ki ko na yara, ranar farko zai yi muku kanta. Ɗan kunne mai lilo da sarƙa ki bar su a gida in jaririn ya kai wata biyar shida ya fara kai hannu, wadda aka taɓa fizgar wa kunne ta san me nake nufi. Babban mayafi mai laushi guda ɗaya kuma baya barin jikina, shi ne rufin shayarwa, shi ne bargo in sanyin esi ya yi yawa, shi ne shimfiɗa, shi ne inuwa a tagar mota.

Amma fa duk da wannan lissafin ina saka shiga ɗaya mai kyau wadda ba ta ci kowace jarrabawa ba, kawai dan ina sonta. Za a yi hoto, za a fita cin abinci da daddare, kuma ba na son bayan shekara goma in duba hotuna in ga kowa fes ni kaɗai kamar wadda aka ɗauko aikin raino. Ita nake sawa a leda daban can ƙasan akwati.

To sai yara. Yawanci ana jera riguna gefe guda, wanduna gefe guda, safa a cusa a lungu, kwana ɗaya an hargitsa komai ana neman kamfai. Ni rana-rana nake haɗawa, leda mai zif ga kowane yaro kowace rana, a ciki riga da wando da singileti da kamfai da safa, in naɗe su kamar tabarma in matse iska in rubuta suna a jiki. Amfaninsa ba ma wurin da yake ragewa ba, a'a da safe sai in miƙa wa babansu leda in ce gashi shirya wannan, ba "ina wandonsa, wannan na waye" ina cikin wanka. Ledar da aka zazzage ita za ta karɓi masu datti da yamma. Ɗan ƙasa da shekara biyu ina lissafa masa canji biyu a rana, manya ɗaya da rara guda biyu na duka tafiyar. In akwai wurin wanki a inda za mu sauka kayan kwana huɗu nake ɗauka ko da sati biyu za mu yi, da ɗan garin sabulu a gora da igiya da ƴan filoli na shanya, sun fi rabin akwati na kaya amfani.

Pampas shi yake cinye wuri. Sabon haihuwa yana iya cin 8 zuwa 10 a rana, wanda ya tasa 5 ko 6. Na hanya da na kwana biyu nake ɗauka sauran a siya a can, sai dai in fatar yaron mai tsirfa ce da ba kowane iri take karɓa ba, to nan kam ki kwashi naki. Kuma duk abun da yaro ya saba barci da shi, ɗan bargo ne ko ƴar tsana da ta koɗe, ki ɗauka yadda yake kar ma ki wanke ana gobe tafiya, warin gida da yake jiki shi ne maganin kukan baƙon ɗaki.

Jakar hannu ita ce tafiyar gaba ɗaya, akwati in ya shige ƙasan jirgi ko but ɗin mota ya tafi kenan sai an isa. Ta goyo nake amfani da ita ba ta rataye ba, dan hannu biyu ma ba sa isa. A ciki canji biyu na jariri, ɗaya na kowane yaro, riga ɗaya tawa, ita ce wadda kowa yake mantawa. A cikinta kuma akwai wata ƴar ƙaramar jaka mai pampas biyu, tishu mai laima, man shafawa, shimfiɗar canji da ledar zuba datti. Dalili, banɗakin jirgi. Duk wadda ta shiga da jariri ta san wurin ko juyawa ba a yi, teburin canjin saukowa yake daga bango saman masai, kin dafe cikin yaro da hannu ɗaya yana wutsil-wutsil yana kai hannu zai taɓa komai, gwiwarki tana tokare da ƙofa, jirgi ya ɗan girgiza, wani yana ƙwanƙwasawa, a wannan halin ba za ki iya tonon babbar jaka ba, abun da za ki zaro da yatsu biyu kike buƙata. Shi ya sa ma ranar tafiya rigar jariri mai zif ko maɓallai a ƙasa nake sa masa, banda mai shiga ta kai.

In jirgi ne sai ki san dokokinsa tun a gida. Tun 2006 yawancin filayen jirgi ba sa barin ruwa-ruwa da ya wuce mililita 100 a mazubi ɗaya cikin jakar hannu, wasu filayen sun sassauta saboda sababbin na'urori amma kar ki dogara da haka, na dawowa ba lallai ya zama irin na tafiya ba. Madarar jariri da abincinsa an ɗauke musu wannan dokar, ki dai fito da su daban a duba. Jakar hannu kamfanoni da yawa kilo 7 suke bari, wasu 8 ko 10, akwati kuma galibi 23. Ɗan ƙasa da shekara 2 galibi a cinya yake tafiya, kuma kamfanoni da yawa suna barin keken turawa har bakin jirgi, ki duba tikitinki ki ga me aka ba shi. Fawa bank a jakar hannu yake zama ba a akwati ba saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Akwatuna kuma in sun kai biyu ki gauraya, kowa ya samu kaya a kowanne, ranar da ɗaya ya maƙale a wani filin ba wanda zai kwana da kayan jikinsa. Lokacin tashi da sauka, musamman sauka, ki ba jariri nono ko fida, manya su sha ruwa, haɗiya ce take buɗe kunnen da ya toshe.

Mota ta fi sauƙi ta wani gefen dan ba mai auna miki kilo, kuma nan ne mutane suke zarcewa su loda har direba baya ganin baya. Jakar hannu a ƙafarki, jakar kwana ɗaya a saman kaya ba a ƙasa ba. Jariri a kujerarsa mai kallon baya, kuma a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaura bel dan tana hana bel ɗin kama jiki, in sanyi ake a lulluɓa masa bargo ta sama. Duk kamar awa biyu a tsaya a fito da shi ya miƙe. Amai a mota ya fi kama ƴan shekara 2 zuwa 12, kallon waya yana ƙara shi, leda da tawul su kasance inda hannu zai kai cikin daƙiƙa ɗaya, ba a but ba.

Magani ba na wasa da shi, kuma a jakar hannu yake cikin kwalabensa na asali. Ma'aunin zafi, farasitamol na yara da sirinjin aunawa, adadin da ake bayarwa da nauyin yaro yake tafiya dan haka ki san kilonsa kafin ki fita, gishirin ORS saboda gudawa, filasta, da duk wanda likita ya ɗora yaro a kai da rarar ƴan kwanaki ko tafiya ta ja. Asfirin ba na yara ba ne. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafinsa ya kai digiri 38 asibiti za a nufa ba jakar magani ba. Mai shan madarar gwangwani kuma filas na ruwan zafi, ana so ruwan ya kai digiri 70 lokacin haɗawa sannan a huce, wadda aka haɗa ta wuce awa 2 a waje a zubar, ko ta ba ki tausayi.

Takardu duka a wuri ɗaya a hannun mutum ɗaya, da hotonsu a waya. In ƙetare ne ki duba fasfon yara da wuri, a ƙasashe kamar Amurka da Ingila na yara shekara 5 kawai yake yi, kuma ƙasashe da yawa suna son ya rage aƙalla wata 6 kafin su bari a shiga. In ke kaɗai ce da yaran ba babansu, wasu wuraren sai sun nemi takardar amincewarsa. Wani abu da nake yi kullum da safe kafin mu shiga taro, in ɗauki kowane yaro hoto da kayan da ke jikinsa, Allah ya kiyaye amma in ido ya ɓace masa hoton ya fi kwatance cikin ruɗewa.

Kayan wasa kaɗan, marasa ƙara, marasa gangarawa ƙarƙashin kujera. Littafin sitika da kalar zane sun wadatar, a fito da su ɗaya bayan ɗaya ba a zube gaba ɗaya ba.

Sai dawowa, wadda ba mai tunaninta lokacin shiri. Kaya masu datti sun fi masu tsafta cin wuri dan ba mai zaman ninke su, ga tsaraba, ga abun da aka ba yara, dan haka nake barin kamar kwata na akwati ba komai ko in cusa jakar yadi mai naɗewa. Leda ɗaya kuma tun daga gida na rubuta mata "ranar dawowa", kaya masu tsafta na kowa har da ni da pampas na hanya, ba mai taɓa ta ko me ya faru. Abun da ya jiƙe bai bushe ba kar ki ɗaure shi a leda ki manta, kwana ɗaya cikin zafi ya isa ya fara wari, in ya ƙara kuma baƙin ɗigo-ɗigon nan ya fito wanda ba ya fita da wanki, ki sa shi a sama-sama kina isa gida ki fara zaro shi.