Aikin koyar da rubutun labari a Maradi

Sana'ata ita ce koya wa matasa da malaman makaranta rubuta labari da waƙa da gajeren wasan kwaikwayo, a nan Maradi. Ɗaki guda muke haya a unguwar Zariya, da rumfa a ƙofarsa, da benci da tabarmi da allo, sai kwamfuta ɗaya da injin fotokopi. Mu uku ne: ni, da wata malama da ke riƙe da zaman ƴan mata, da wani saurayi da ke buga mana rubutu. Kafin nan na daɗe ina koyar da Faransanci a koleji, kuma abin da na gani a aji shi ya sa na buɗe wurin.

Yaron Maradi ba ya rasa labari. Ka zauna kusa da wata fada da dare ana dafa shayi, ka ji yadda saurayi zai kwashe labarin kokowar da ya kalla a filin Kantu, ya kwaikwayi makaɗi, ya kwaikwayi kirari, ya ja wa mutane rai kafin ya faɗi wanda ya sha ƙasa. Shi wannan saurayin, miƙa masa kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ka ce ya rubuta abin da ya gama faɗi yanzu, sai jikinsa ya yi sanyi. Tun ajin farko na lakwal abin da ya sani shi ne da Faransanci ake rubutu, kuma bayan rubutu jan bik ke zuwa da maki. Labari kuwa da Hausa yake zo masa.

Shi ya sa tambayar da ba ta taɓa fashi a zaman farko ita ce, "Madam, da wane harshe za mu yi?" Nakan ce da wanda labarin ya zo maka. Mai son Faransanci ya yi, mai son Hausar boko ya yi. Akwai ƴan matan Islamiyya da samarin da suka fito makarantar allo waɗanda hannunsu ya fi sakewa da ajami, su ma ba mu hana su. Mafi yawa Hausa suke ɗauka, sai kuma su rubuta ta da ƙa'idar Faransanci, irin wadda suke gani a allunan shaguna: "tchiki" maimakon ciki, "kassoua" maimakon kasuwa. Ba na taɓa wannan sai labari ya tsaya da ƙafarsa. Daga baya muke zama mu koyi haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, bisa ƙa'idar rubutun da gwamnatin Nijar ta tsayar a 1999. Yaro mai labari a hannu cikin ƴan kwanaki yake kama su, don yana son a karanta abinsa daidai.

Ba mu fara aiki da zama. Nakan tura su babbar kasuwa ko tasha, kowa da ƴar takarda, su saurari ciniki guda daga sallama har a rabu, su kawo mini shi yadda aka faɗe shi. A nan suke gane cewa mai tumatir da dillalin awaki ba bakinsu ɗaya ba, kuma tsohuwar da ta zo daga Tsibiri in ta ce "mi kaka so" ba a mayar mata da shi Hausar Kano. Wannan yana da muhimmanci a wurina, saboda yawancin abin da yaranmu suka karanta da Hausa littattafan Kano ne da labaran da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Na yarda sun yi mana rana, su suka sa ƴan mata da yawa son karatu. Amma sai yarinyar da ta tashi a unguwar Bagalam ta kawo mini labari wanda kowa a cikinsa yana zaune a gidan bene, yana magana kamar a fim. Nakan tambaye ta, "Ɗiyata, ina maƙwabciyarku mai tuyar ƙosai? Ina kakarki?" Ran da ta sa su a takarda, ran nan rubutun yake zama nata.

Aikin da ya fi ba mu albarka shi ne na tura yara wurin tsofaffi. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya ci tsohon gari da ke cikin fadama, aka tayar da mutane zuwa tudu inda birnin yake yau. Kusan kowane tsohon gida yana da abin da aka gada na wannan tashin: wanda ya ƙi barin gidansa, rumbun da ruwa ya tafi da shi, yadda aka raba filaye. Yara su je su ji, su dawo su rubuta da bakin yaron da yake wurin a daren. Haka muke yi da zamanin Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, sarakunan Maradi na da, sunayen da suke gani kullum a ƙofar makarantu ba su taɓa tunanin mutane ne masu fushi da tsoro da dabara ba. Wani lokaci kuma tatsuniya muke juyawa, a bar Kura ta ba da labarin abin da Gizo ya yi mata.

Zaman malamai ya fi wuya, kuma shi na fi ba muhimmanci, don malami ɗaya yana riƙe da yaran da ni ba zan taɓa gani ba. Sharaɗina guda ne: duk malamin da ya zo sai ya rubuta nasa, ya tashi ya karanta a gaban ƴan uwansa. Na ga dattijon da ya kusa ritaya takarda tana rawa a hannunsa. Da ya zauna ya ce mini, "Malama, ashe haka yaran nan suke ji." Daga nan sai mu ɗauki rubutun wani yaro, a cire sunansa, in ce kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai kafin a nemi kuskure. Hannun malami da kansa yake zuwa aljihu neman jan bik. Ba na ganin laifinsu, haka aka horar da mu duka, kuma jarrabawar BEPC ta ƙarshen koleji da BAC ta shiga jami'a suna jiran yaran, dole su iya ƙa'ida. Abin da nake roƙo shi ne a raba lokutan biyu. Rubutun farko a amsa shi da tambaya: me ya sa uwar ta yi shiru a nan, ina yaron ya samo kuɗin? Gyaran ƙa'ida ya jira rubutu na biyu ko na uku.

Kukan da suke kawowa gaskiya ne. Aji cike maƙil, manhaja ba ta bar fili ba, wa zai karanta kaye sittin kowane mako? Muna nuna musu yadda za a raba yara rukuni-rukuni su karanta wa juna, malami ya ɗauki kaɗan kowane mako har ya zagaye ajin. Minti goma sha biyar sun isa a fara.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar tana da damina da rani. Babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, shi ne kakarmu, lokacin iyaye suke kawo yara su biya. Cikin shekarar karatu makarantu masu zaman kansu ke ɗaukarmu. Malamai, musamman ƴan kwantaragi, ba na iya caza su da yawa, wani ma kuɗin kabu-kabu sai ya yi lissafi. Takarda da tawadar inji su ke cin ribar, kuma da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 mun ji a jikinmu, ga tsadar kaya ga rashin wutar lantarki, har muka koma kwafe labarai da hannu. Ƙungiyoyi su suka fi biya da tsoka, sai dai sukan zo da jigonsu a shirye: auren wuri, tsafta, zaman lafiya. Ina karɓar aikin, amma nakan faɗa musu tun farko ba zan sa yaro ya rubuta wa'azi da sunan labari ba. In an bar yarinya ta rubuta ranar da aka kai ƙawarta ɗaki, da abin da aka dafa da wanda ya yi kuka a ɓoye, saƙon zai isa inda takardar faɗakarwa ba ta isa.

Iyaye maza sukan zo da kansu su ga wurin kafin su bar ƴaƴansu mata, kuma ina jin daɗin hakan. Zaman ƴan mata da safe muke yi, mace ke jagoranta, kowa ta koma gida kafin azahar.

Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida, kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Tun daga lokacin shugabannin makarantu suka ƙara nemanmu, kuma abin da suke tambaya shi ne me yaran za su karanta. Abin da muke da shi ƴan ƙananan littattafai ne da muke haɗawa ƙarshen kowane zango: mu zaɓi labaran, mu buga, mu yi fotokopi, mu ɗinke. Kowane marubuci ya tafi gida da nasa, makarantarsa ta sami guda biyu. Malaman Tasawa da Madarumfa sun fara aiko mana da rubutun ɗalibansu ta waya, hoton shafi bayan shafi, kuma littafin da muke haɗawa yanzu rabinsa nasu ne.