Kafin ki zuba adashenki a gidan 'yar tsana

Ranar Juma'a 'yar ƙanena ta faɗo ɗakina da waya a hannu, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Gwaggo, kalli." Gidan 'yar tsana ne hawa uku, ruwan hoda, har da ɗan baho da fitila mai kamawa. Daga Sin za a turo shi, a sauke a Duwala, jirgin ƙasa ya kai shi Ngaundere, mota ta ƙaraso da shi nan Garwa. Adashenta ta kwasa za ta zuba. Na ce tsawonsa nawa, ba ta sani ba. Ina za ta ajiye shi? Wai za a samu wuri. Ni ma haka na ce a lokacina.

Nawa na farko a hannun wasu Turawa na saya, aikinsu ya ƙare suna karyar da kaya. Na katako ne, ƙofofinsa na buɗewa. Daga nan abin ya shiga jinina. Duk dilar gwanjon da aka kwance ina tsaye a kanta, ina tonon 'yan kujeru da 'yan kofuna. Wanda zai je Marwa sai na ba shi saƙo wurin masu sana'ar hannu, wanda zai ƙetare Injamena na roƙe shi 'yan tukwanen yumɓu na ƙauyen Gawi da ke kusa da can. Kuɗin ɗinkina ne, ban ci na kowa ba, kuma har gobe ban yarda da masu cewa wasan yara nake da girmana ba. Matan da suka yi min dariya su ne masu cika bango da langa da samira, jeren da ba a taɓa cin tuwo a cikinsa ba. Sarauniya Mary ta Ingila ma an gina mata irin gidan, aka gama a 1924, da ruwan famfo da lantarki a ciki, yana fadar Windsor har yau ana zuwa kallo. Ba wanda ya ce mata ta girma.

Amma masu ginin nata sun san abin da ban sani ba, wato awo. Komai na gidan kashi ɗaya ne cikin 12 na ainihinsa, ƙofa mai mita 2 ta koma wajen santimita 17, cokali da gado duk a kan lissafi ɗaya. Ni kuwa da ido nake saye. Kayan Barbie, 'yar tsanar nan ta Turawa, kashi ɗaya cikin 6 ne, ninki biyu ke nan, akwai kuma na ɗaya cikin 24. Na haɗa su duka a ɗaki guda, buta ta fi kujera tsawo, gado ya ƙi shiga ta ƙofa. Maimakon in tsaya, sai in sayi wani gidan don ya dace da gadon.

Sai ajiya. Wannan ita ce ta fi ci min rai, don laifina ne tsantsa, ko da yake ɗaki ɗaya gare ni a lokacin, ina zan kai su? Wasu na ɗora kan kabad a buɗe. Hunturu ya zo da ƙurar nan da ke tasowa daga Bodele ta Chadi, ta shige kowane lungu, na sa tsumma mai ruwa na goge, fenti ya biyo tsumman. Zafin Maris da Afrilu, da ke wuce digiri 40 a garin nan, ya saki gam, na tashi da safe na tarar da matakala a kwance cikin falo. Fuskar bangon da na liƙa da kokon rogo kyankyasai suka cinye ta. Sauran na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado, bayan damina na jawo, gara ta bar min ƙasa da hannun ƙofa na ƙarfe.

Akwai abin da ban cika faɗa ba. 'Yata tana ƙarama ta ɗauki wata 'yar randa, ba ta fi kan babban yatsa ba, ta sa mata ruwa da cokali don 'yar tsanarta ta sha. Yumɓun ba a gasa shi sosai ba, ya narke a tafinta. Na mare ta. Ba ta sake zuwa kusa da kayan ba, yanzu tana ɗakin mijinta, ko tambayarsu ba ta yi. To amma da na bar su a hannun yara, da ko ɗaya bai kai yau ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, da na zauna sai na ga ba su da yawa. Ki nemi tef ɗin tela, ki zaɓi awo ɗaya, abin da bai hau ba ki bar shi ko kyauta ne. Kada ki sayi gida sai kin mallaki kabad mai gilashi, nesa da taga, ƙafafunsa ba a jikin bango ba, da ƙwayar kafur a ciki. Ƙura kuma da busasshen burushin hoda ake kaɗe ta.

Ku 'yan yanzu matsalarku hoto. Kuna son abin da za ku ɗauka ku sa a TikTok yau, jibi ya ishe ku. Gida mai murhun ɗumama ɗaki, a Garwa! Wa ya taɓa jin sanyin da zai kunna shi? Mu da karan dawa da akwatin ashana muka fara, marfin kwalba shi ne faranti. Ki yi zaure da tsakar gida da rumbu, ki saƙa 'yar tabarma da kaba, ki je garin Pus, nan arewacin Kamaru, ki ga yadda 'yan ƙabilar Musgum ke ɗaga ɗakin laka kamar ƙwai ki kwaikwaya. Wanda kika yi da hannunki in ya karye kin san gyaransa.

Ki kulle kabad ɗin, makulli a ƙugunki. Kuma ki bar yara su taɓa. Na san maganar biyu ce, ki ware musu gida ɗaya su lalata. In son samu ne ma kada ki fara, ki sayi keken ɗinki da adashen. In kin ƙi ji, aƙalla ki sa mai sayarwa ya turo miki awon a rubuce kafin ko sefa ɗaya ta bar wayarki.