Yanda kunun gero da farfesun rago suka lallaɓa min ciki a sanyin Chaina

Ni dai tun a gida cikina ba ya da ƙwari, abu kaɗan sai kumburi da gyatsa, amma da na zo karatu Shi'an abin ya ƙaru da shigowar sanyi. Garin nan a watan Janairu da dare sanyi har ƙasa da sifili yake sauka, hitar gidaje kuma daga 15 ga Nuwamba ake kunna ta zuwa 15 ga Maris, to ɗaki sai ya yi ɗumi ya bushe ƙamas, ƙishi ya dame ka, ka buɗe firij ka kwankwaɗi ruwa mai ƙanƙara ko yogot, ka fita waje iska ta kaɗa ka. Kafin azahar ciki ya ɗaure.

Wadda ta fara yi min magana wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Hui, Musulman Chaina, ita ke girki a kantin halal ɗin da muke cin abinci, kowa Ayi yake ce mata. Ta ga ina dafe ciki sai ta ce in fito da harshena, ta leƙa ta ga ya yi fari, ta ce “yaro sanyi ne ya kwanta maka a ciki, ka rabu da firij.” Daga nan duk ranar da ba ni da lakca da safe nake tsayawa a kicin ɗinta ina kallon hannunta.

A maganin gargajiyar 'yan Chaina ciki da saifa su ne ke sarrafa abinci, kuma a cewarsu ciki ɗumi yake so, ba ya shiri da sanyi. Wani likitansu Li Dongyuan da ya rayu daga 1180 zuwa 1251 littafi guda ya rubuta a kan saifa da ciki kawai. Sai dai saifar da suke nufi ba wadda likitan asibiti zai nuna maka a hoto ba ce, aikin narkar da abinci gaba ɗaya suke nufi. Kuma sanyi da zafin abinci a wajensu ɗabi'arsa ce, kankana da kokwamba da koren shayi masu sanyi ne ko da ka ɗumama su, citta da kirfa da masoro da naman rago masu ɗumi ne.

Abin da ya fi yi min aiki, kuma shi ne mafi araha, kunun geronsu ne da suke kira xiaomi zhou. Geron ba irin namu ba ne, ƙwayarsa ƙanana ce rawaya, kuma ba a niƙa shi. Gero kofi ɗaya ruwa wajen kofi goma, sai ruwan ya tafasa ake zubawa, a rage wuta ya yi ta ɓararraka a hankali kamar minti 40, kuma Ayi ta hana ni ƙara ruwan sanyi a tsakiya, ta ce in ya kama dole to ruwan zafi. In ya dahu aka sauke za ka ga wata yana mai maiƙo ta kwanta a sama, ita ce suke ji da ita, ita ake ba masu jego da marasa lafiya. Ranar farko gaskiya ji na yi kamar an ba ni kunun da aka manta tsamiya da sukari, lami salam. Abin da ke gyara shi kabewa ce da jan dabinonsu, wanda in ka bi asali ɗan uwan magarya ne, a cire ƙwallon a yayyanka. Wani lokaci a sa siririyar doyarsu shanyao, ita kuma in za ka fere ta sa leda a hannu, yauƙinta ƙaiƙayi gare shi ba na wasa ba.

Na biyu farfesun rago. Wannan tsohon haɗi ne na Zhang Zhongjing, likitan ƙarshen daular Han wajen shekara ta 200, abu uku ne kacal, naman rago da ɗanyar citta da wani saiwa mai suna danggui. Yanda Ayi take yi, nama rabin kilo ta sa a ruwan sanyi ta ɗora, in ya tafasa ta kwashe kumfar ta zubar da ruwan ta wanke naman, sannan ta sake sabon ruwan zafi, citta yanka shida masu kauri, danggui giram 10 ba ƙari, ya yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙaramar wuta, gishiri sai ƙarshe. Ba albasa ba magi ba mai. Ƙamshin danggui ƙamshin shagon magani ne, in ya yi yawa romon ɗaci zai yi. Saura rabin awa ta zuba luobo, farin radish ɗinsu mai kauri mai kama da karas, wai shi ke rage wa naman nauyi da zafi. Na taɓa tambayarta ko in jefa attaruhu, ta harare ni ta ce wannan ba ɗumama ciki yake ba, ƙona shi yake.

Farfesun nan sau ɗaya a sati ya isa. Abokin ɗakina ɗan Zinder da ya ji daɗinsa ya mai da shi na kullum, ba a jima ba bakinsa ya fashe da ƙuraje ga haɓo da safe, su kuma abin da suke kira shanghuo ke nan, zafi ya yi wa jiki yawa, aka koma ba shi luobo da ruwan ɗumi. Shi danggui kuma mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kada su taɓa shi sai likita ya yarda. Shayin citta ma da safe suke sha, ba sa son sa da dare.

Ranar Dongzhi, 21 ko 22 ga Disamba, dare mafi tsawo a shekara, mutanen arewacin Chaina jiaozi suke ci, ƙullin fulawa mai nama a ciki, kuma suna ba da labarin cewa shi Zhang Zhongjing ɗin ne ya fara raba wa talakawan Nanyang da sanyi ya ci musu kunnuwa irinsa da naman rago. A nan sai mutum ya kula, don yawancin wanda ake sayarwa na alade ne, haka shahararren romon masoro na mutanen Gwanzu da tumbin alade ake yi, kuma suna yawan zuba giyar girki a nama don kashe ƙarni. Ka nemi shagon da ke da alamar qingzhen, wato halal, galibi koren allo ne, ko ka dafa da kanka, ni da tumbin rago nake yin na masoron kuma yana fita sosai.

To shin ya yi aiki? Kumburin ya ragu ƙwarai, amma a ganina rabin aikin ba na wata saiwa ba ne, na cin abu mai ɗumi mai laushi ne a zaune da safe a kan lokaci, da yawo da fulas ɗin ruwan zafi yanda kowa a ajinmu yake yi. Kuma akwai ciwon da kunu ba ya taɓawa. Wata 'yar ajinmu ta sha kunun nan har ta gaji cikinta bai daina tashinta da dare ba, da ta je asibiti aka yi mata gwajin numfashi, ka sha ƙwaya ka hura a jaka, aka gano ƙwayar cutar H. pylori ce mai kawo olsa, aka ɗora ta kan magani kala huɗu na kwana 14. Likitan bai hana ta kunun ba, cewa ya yi ta ci gaba da sha amma kada ta tsallake maganin ko sau ɗaya.