Yau dai na hau Dutsen Kwatarkwashi

Asabar, bayan isha'i.

Wallahi ƙafafun nan kamar ba nawa ba. Shekara nawa ina wuce dutsen nan a mota in za ni Funtua, ina leƙensa ta taga, sai yau Allah ya yi. Inna ba ta so tafiyar ba saboda halin tsaro, sai da kawu ya kira ta ya ce shi zai raka mu da kansa.

Da sassafe munka bar Gusau ni da ƙanena, kawu na ganinmu ya ce "ku ɗaga ƙafa yaran nan, in rana ta buɗe dutsen ga ko akuya ba ta tsayawa kansa." Lokacin dariya na yi, don sanyin hunturu ne har leɓena ya tsage, amma kafin sha ɗaya na dafa dutsen da hannu na janye ba shiri.

Abin da ya tsayar da ni wajen rabin hanya shi ne yadda bayan dutsen ke ɓarewa falle-falle kamar albasa, na ƙwanƙwasa wani wuri na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Kawu ya ce ai dutse ma yana saɓa irin ta maciji. Kuma fa bai yi ƙarya ba, abin da malaminmu na jogirafi ya koya mana kenan, rana ta gasa shi ya buɗe, dare ya yi sanyi ya tsuke, damina ta zo ruwa ya shiga tsagar, a hankali fatar sama ta saki. Giranit ne, wai asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa shekara wajen miliyan 600, ƙasar da ta rufe shi ce ruwa da iska sunka kwashe har ya fito fili. Na ɗauki ɓalli ɗaya na duba, ga fari-fari, ga ja-ja, ga wasu baƙaƙen ɗigo masu ƙyalli.

A sama kam hazo ya cuce mu, Gusau ko alama, sai rufin kwanon garin Kwatarkwashi da gonakin da anka girbe. Iska kuwa har hular ƙanena ta tafi da ita. Na ce masa wannan fa wasa ne, dutsen Chappal Waddi na Taraba tsayinsa mita 2,419 ne, ya ce in je ni kaɗai.

Ɓallin da na zo da shi gida Inna ta karɓe, wai zai yi mata gugar kaushi.