Gwajin mantuwa da muka yi wa Baba

Kwanakin baya Baba ya fara maimaita tambaya ɗaya, sai ƙanwata ta samo gwajin SAGE a intanet, na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka. Takarda ce ake bugawa, mutum ya cika da kansa cikin kamar minti 15, ba mai taya shi.

Lissafin canjin kuɗi bai ba shi wahala ba, dama gwaninsa ne. Zanen agogo ne ya tsayar da shi. Ya zana da'irar tsaf, amma lambobin suka cunkushe gefe guda. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Gwajin ba ya yanke hukunci, likita ake kai wa takardar. Shi kuwa ya ce a fara auna jini tukuna, domin ƙarancin bitamin B12 ma kan kawo mantuwa, kuma yana da magani.