Ƙannena masu shirin gama jami'a, kar ku zauna jiran gwamnati

Ƙannena na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar Aliero da ta Gusau, maganar shekarun da ke bayan bautar ƙasa nake so mu yi, don wallahi a nan ne da yawanmu muka tafka asara ba mu ankara ba. Ranar da aka miƙa maka satifiket ɗin gama hidima alawi ya tsaya, kuma daga nan ba mai tambayarka me ka karanta, sai dai a ce "to ina ake aiki yanzu?"

Ni da na dawo gida zama na yi jiran aikin gwamnati. Da safe in goge kaya in ɗauki fayil in nufi sakatariya, yau a ce oga na mitin gobe a ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata jibi a ce a bari sai bayan zaɓe, da yamma kuma majalisar mai shayi ana cike fom a waya duk sanda aka ce kwastan ko 'yan sanda sun buɗe. Har wani ya ce yana da gurbi a wata ma'aikata a Abuja, mahaifiyata ta sayar da san da take kiwo aka tura masa kuɗin, bayan nan lambarsa a kashe. Har yau ba ta taɓa yi min gorin san nan ba, kuma shirun nata ya fi min ciwo. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya samo muku aiki, don Allah ku rabu da shi ko ɗan uwanku ne.

A lokacin nan fa shinkafa ke tashe a Kebbi. A 2015 shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers, a 2017 aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu. Wani abokin karatuna ya ajiye kwalinsa ya shiga fadama noman rani, daga baya ya koma sayen shanshera a ƙauyuka yana kai wa masu casa, ni kuwa ina ganin wai mai digiri ya fi ƙarfin taɓo. Ya yi aure ya gina gida ina neman na data a wajen ƙanena. Karatun ma ya amfane shi, shi ke riƙe lissafin buhu da awo ba a cutarsa.

Don haka tun kuna hidima za ku fara. Alawi ya koma naira 77,000 a 2025, ba yawa a tsadar nan amma wanda ya ware wani abu duk wata zai fito da ɗan jari. Darasin koyon sana'a na SAED da ake yi a sansani, wanda muke kwasar barci a ciki, ku zaɓi ɗaya ku bi shi har bayan fitowa. Masu son koyarwa ku yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, in ba fannin ilimi kuka karanta ba ku haɗa da PGDE, wato difloma ta koyarwa da ake yi bayan digiri.

Ku duba takardunku tun yanzu, suna da ranar haihuwa su zama ɗaya a NIN da WAEC da JAMB, harafi ɗaya na iya sa a cire mutum a wajen tantancewa. Yawancin ayyukan ɗamara kuma suna da iyakar shekaru, kana zaune tana wuce ka.

Digiri na biyu yana da kyau, amma kar a tafi don gudun tambayar mutanen unguwa. Aure ma haka, in abokai sun fara turo katin biki ku je ku taya su murna ku yi musu addu'a, kar ku ci bashin lefe don a ce ku ma kun yi. Ƙannena mata ku ma da ku nake, a karɓo satifiket daga makaranta kafin biki, don bayan an tare komawa neman sa hannu ba ƙaramin aiki ba ne.