Jirgin da ba shi da bindiga

Asabar. Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. Tun da hantsi na baje kayan jirgin roban nan da ya yi wata uku a kwali, na ce yau ko ni ko shi. Samfurin Piper L-4 ne, wanda sojan Amurka suka yi wa laƙabi da Fara a Yaƙin Duniya na Biyu. Da na zazzage kwalin sai na ga abin bai taka kara ya karya ba: gangar jiki, fukafukai, kujeru biyu ɗaya bayan ɗaya, sai wasu siraran sanduna kamar tsinken sakace.

Ina cikin shafa gam ɗan ƙanwata ya zo ya tsuguna, ya yi ta juya gutsattsarin.

"Kawu, ina bindigar?"

Na ce babu.

"Bam fa?"

Shi ma babu. Ya taɓe baki, wai to wannan ai ba jirgin yaƙi ba ne.

Ban ga laifinsa ba. Asalinsa jirgin koyon tuƙi ne na farar hula, J-3 Cub, aka sake masa fenti aka ƙara masa tagogi ta baya. Bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da ƙyalle, injinsa ƙarfin doki 65, in ya ƙure gudu da ƙyar ya kai kilomita 140 a awa. Duk da haka sun ƙera fiye da 5,000. Na ajiye gam na ɗauko murafen kwalba na jera masa a kan tebur. Na ce waɗannan igwa ce, tana bayan tudu, masu harba ta ba sa ganin inda harsashi ke faɗawa. Sai Fara ta tashi daga gefen gona ko kan hanya, ta yi ta shawagi a hankali. Na kujerar baya yana riƙe da taswira da rediyo, ya ga ƙurar harsashin farko, ya ce ya zarce, a rage, a karkata hagu. Kafin a jima duk igwar bataliya ta sauka wuri guda. Shi ya sa da sojan Jamus sun hango ta sukan yi lamo, su tsagaita wuta, don walƙiyar bakin igwarsu ita ke tona su. Yaron ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ɗan gulma ne." Na yi dariya har gam ya ɗiga mini a wando.

Wajen ɗora fiffike na sha wuya. Sandar da ke tallafe shi ta dama ta karye a bakin matsefata, na manna, ta sake ɓallewa. Haushi ya sa na tashi na zaga na dawo. Na kuma lallashi kaina da cewa ita ma Farar ta gaske ba ta fara da ƙafar dama ba: a Nuwamban 1942 uku suka tashi daga jirgin ruwan Ranger a gaɓar Maroko, jiragen ruwan Amurka da kansu suka buɗe musu wuta, don ba su san da zamansu ba.

Da la'asar na nuna masa hoton takwararta ta Jamus, Fieseler Storch, wato Shamuwa, mai dogayen ƙafafu. A ganina ta fi Fara gwaninta nesa ba kusa ba, tana iya tafiya kilomita 50 kacal a awa ba ta faɗo ba. Ita ta ɗauke Mussolini, hamɓararren shugaban Italiya, daga inda ake tsare da shi a kan dutsen Gran Sasso ranar 12 ga Satumba 1943. Amma tana da tsada da nauyi, Fara kuwa makanikin mota ma zai iya lallaɓa ta. A Afrilun 1945 suka yi kiciɓis a sama, Duane Francies da abokin tafiyarsa William Martin suka buɗe ƙofar Fara suka yi ta harbi da ƙananan bindigoginsu na ƙugu har Shamuwa ta faɗo, suka sauka suka kama mutum biyun da ke ciki.

Nan fa na ɓata rawata da tsalle. Ganin idonsa ya kawo haske, sai na ƙara masa da labarin Charles Carpenter, wanda ya ɗaura bazuka shida, wato bututun harba roka, a jikin Fararsa a Faransa a 1944 yana farautar tankokin yaƙi. Shi ke nan, duk bayanin murafen kwalba ya bi ruwa. Ya ruga ya dawo da ashana guda shida, wai lallai sai na manna masa.

Na ce sai fenti ya bushe. Yanzu dare ya yi, jirgin na kan tebur, fiffiken dama ya ɗan karkace, farfela kuma ta faɗa ƙarƙashin kujera ban same ta ba tukuna. Ashanar na nan jere a gefe inda ya bar su.